Fizik a Zauren Kawu

Duk wanda na ce wa ni ɗan Tumbutu ne, sai ya gyara zama ya fara tambayata labarin Mali da tsoffin littattafan malamai. Tamu Tumbutun ba ta kai can ba. Gunduma ce a ƙaramar hukumar Malanbil, jihar Alibori, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin inda ƙasar ta tuƙe a bakin kogin Kwara. A takardun gwamnati Toumboutou ake rubutawa, ɗaya daga cikin gundumomi 5 na Malanbil tare da Garu, Gene, Madekali da cikin gari. Dandawa ne suka fi yawa, sai Fulani, sai mu Hausawa da Zabarmawa da fatauci ko su ko noman shinkafa ya zaunar da kakanninmu. Ka tsallaka ruwa kana Nijar, ka gangara gabas kana ƙasar Kabi ta Najeriya. Yaro yakan iya harshe uku a can kafin ya san akwai wani abu wai shi Faransanci.

Da muka ci jarrabawar CEP ta gama firamare, sai aka rarraba mu gidajen 'yan'uwa a cikin garin Malanbil don mu yi kwaleji. Ni gidan kawuna aka kai ni, dillalin albasa a babbar kasuwa, wadda ake cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano babu kamarta a ƙasar. Kawu bai taɓa shiga lakwal ba, amma yana da zaure mai faɗi, kuma yana da wata aƙida: ya fi son ya ji hayaniyar yara a ƙofar gidansa da ya riƙa tambayar inda suka tafi. Zauren nan shi ya zama ajinmu na biyu, tun daga aji huɗu har shekarar bak, wato jarrabawar gama sakandare.

Darasin da ya tara mu shi ne PCT, wato fizik da kimiyyar sinadarai da fasaha a haɗe, kamar yadda ake koyar da su a Benin. Lissafi yana da wuya, amma aƙalla ka san inda wuyar take. Fizik kuwa sai ka haddace ƙa'ida tsaf, ka shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwa, a dawo maka da takarda da maki 6 cikin 20, kuma ka rasa inda ka kauce. Mushenmu, wato malaminmu, mutumin kudu ne, bai jin Dandanci balle Hausa, kuma ba na ganin laifinsa. Aji ya cika maƙil, mutum uku ko huɗu a benci ɗaya, a watan Afrilu kwanon rufi yana tafasa kwanya, ga manhaja da dole ya gama kafin Yuni. Ɗakin gwaji babu. Na'urar auna lantarki a kan allo muka fara ganinta, da'ira da harafin A a ciki, aka ce mana ga ta nan.

Sai daga baya na gane cewa rabin abin da ke kayar da mu ba fizik ba ne, Faransanci ne. Tambayoyin zamanin sukan zo da dogon labari a gaba, wani manomi ko wani makaniki yana da matsala, sai ka karanta rabin shafi kafin ka iske abin da ake nema. Yaron da a gida bai taɓa jin kalma ɗaya ta harshen ba, ƙarfinsa ya ƙare tun a labarin. Don haka aikin farko a zaure kullum shi ne wani ya tashi ya faɗi tambayar da bakinmu, da Hausa ko Dandanci, har kowa ya yarda cewa abin da ake nema ke nan. Sau da yawa daga nan ma sai ka ji wani ya ce, "Au, dama wannan ne?"

Allonmu bango ne. Muka samu wurin da aka shafe da siminti, muka fasa matattun batura, muka kwaɓa baƙin garin cikinsu da ruwa muka mulke shi. Duk wanda ya jingina sai rigarsa ta ba da shaida. Guntayen alli daga aji muke tsintowa. In wuta ta ɗauke, kuma takan ɗauke, fitilar ƙwai ce, kananzir kuwa karo-karo, dala biyu dala biyar. Wanda ba shi da ko dala shi ke wanke ƙwan fitila da share zaure, ba tare da an ce masa komai ba.

Abin da na fi tunawa da shi cikin tsarinmu shi ne na ranar Asabar. Akwai darasin ƙari da ake kira TD, inda ake warware tambayoyi irin na jarrabawa, kuma na kuɗi ne. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne da ake aiko wa shinkafa da busasshen kifi daga ƙauye, ba kuɗi ba. Sai muka yanke shawarar haɗa kuɗin mutum ɗaya. Shi zai je ya zauna, ya kwafe komai, da dare bayan isha'i ya tsaya gaban bango ya maimaita mana. Da farko kowa gudun aikin yake, don wanda aka aika ba ya da damar gyangyaɗi, kuma in ya dawo tambayoyi za su yi masa rubdugu. Ba a yi wata biyu ba muka lura da wani abu: duk wanda aka aika a wani babi, shi ke cin maki mafi yawa a babin nan. Daga nan aka koma rigimar wa za a aika. Har yau ina ganin babu wata dabarar koyarwa da na ci karo da ita da ta kai wannan, kuma talauci ne ya ƙirƙiro mana ita.

'Yan mata ba sa fitowa da dare, don haka nasu zaman na Laraba da yamma ne, lokacin da ba a shiga aji, a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida inda Inna matar Kawu ke iya hango kowa daga tsakar gida. A irin wannan zama ne aka yi gardamar jirgi.

Muna ajin gaba da jarrabawar BEPC lokacin, an fara mana haɗa gudu biyu. Tambayar ta ce kogi faɗinsa mita 600, jirgi yana tafiyar mita 2.5 a sakan a kan ruwan da ba ya motsi, kogin kuma yana gudun mita 1.5 a sakan. Matuƙi ya saita hancin jirgi tsallake miƙe. Sakan nawa zai yi kafin ya isa? Zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce a debe 1.5 daga 2.5 tunda ruwa na hana shi, wasu suka ce a tara. Aka yi ta jan layi ana gogewa.

Akwai wani ɗan Sarkawa a cikinmu, wanda ya girme mu duka, muna ce masa Yaya. Ya makara shiga lakwal, tun yana ƙarami yake bin babansa su. Ba ya yawan magana a aji don Faransancinsa yana ba shi kunya. Ranar nan dai ya gaji da mu.

"Ku dakata. Hancin jirgin ina ya dosa?"

"Tsallake, Yaya."

"To ruwan daga tsallake yake zuwa?"

"A'a, daga gefe."

"To me ya haɗa shi da hana ka isa? Ruwan gefe ba ya riƙe jirgi, gangarar da shi yake. Za ka isa a lokacin da za ka isa, sai dai ba a mashigin da ka nufa ba. Can ƙasa za ka sauka, ka dawo da ƙafa."

Ya karɓi alli, karo na farko da na gan shi a gaban allo, ya ja kibiya ɗaya tsallake, ɗaya gefe. Aka raba 600 da 2.5 aka samu sakan 240, minti 4 cif. A cikin minti huɗun nan ruwa ya gangarar da jirgi mita 360. Sai ya ci gaba da kansa, ba a tambaye shi ba: in kana son ka sauka daidai inda kake kallo, sai ka karkata hanci sama ka ci ruwa, kuma dole ka daɗe. Muka zana alwatika, muka kira Fitagoras, gudun tsallakawa ya dawo mita 2 a sakan, lokaci ya zama minti 5. Abin da ke shafi na gaba ke nan a littafi, ya riga shi zuwa.

Amma bai tsaya nan ba, kuma a nan matsalarsa take. Ya ce tambayar ma ƙarya ce. Babu kogin da ke gudu iri ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, tsakiya ya fi ƙarfi, bakin gaɓa kusan kwance yake, shi ya sa matuƙi kan bi gefe ya haura sama tukuna kafin ya yanka. Kuma wane ruwa ake nufi? Jan ruwan damina na Agusta da Satumba mai laka, ko baƙin ruwan da ke isowa wajen Janairu, wanda ya taso tun daga Gini ya daɗe yana yawo a fadamun Mali? Duk gaskiya ya faɗa. Wata yarinya 'yar mai gyaran rediyo, wadda ta fi mu duka natsuwa, ta ɗago kai daga kayenta, wato littafin rubutunta, ta ce, "Yaya, wannan kogin littafi ne, ba na Baba ba. Ka ba su amsarsu ka karɓi makinka." Aka yi dariya har Inna ta leƙo. Sai da na yi shekaru kafin na fahimci cewa su biyun nan sun raba fizik gida biyu a tsakaninsu, shi yana riƙe da duniyar gaske, ita tana riƙe da sauƙaƙawar da dole a yi kafin a iya lissafa ta. Makaranta rabin yarinyar kaɗai take ba wa maki.

Ita ce kuma ta koya mana abin da ya fi komai ceto mu a jarrabawa. Ba ta duba lambar da ka samu, awon da ke bayanta take dubawa. In ka ce ƙarfi 20 ne, za ta ce, "Ashirin ɗin me? Albasa?" Ta nuna mana cewa in ka raba mita da mita-a-sakan dole sakan ya fito, in kuwa wani abu dabam ya fito, to ka kife ƙa'idar. Daga shagon babanta ta aro mana na'urar awo ta gaske, mai allura, da sharaɗin ta koma kafin magariba. Muka jera baturan tocila biyu, allura ta haura wajen bolt 3, muka haɗa su kafaɗa da kafaɗa ta tsaya wajen 1.5. Muka sa ƙwan lantarki biyu a jere suka dushe, muka raba musu hanya suka haska. Abin da muka yi wata guda muna haddacewa ya zauna a yamma ɗaya.

Haske kuwa kwanon Inna ne ya yi mana shi. Ka sa kwabon dala biyar a gindin kwano, ka ja baya har bakin kwano ya ɓoye shi, wani ya zuba ruwa a hankali, sai kwabo ya bayyana kai ba ka motsa ba. Kawu ya tsaya a kanmu da buta a hannu ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce, "Wannan shi ake biya wa kuɗin makaranta? Ai dabo ne." Yaya bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce kowane ɗan su ya san ba a jifan kifi da mashi a inda ido ya gan shi, ƙasa da nan ake nufa, kuma tun suna yara ake gargaɗinsu cewa ruwa mai garai-garai ya fi yadda yake nunawa zurfi. Littafi ya ba mu adadin: in ka leƙa daga sama, zurfin santimita 120 zai yi maka kamar 90, kashi uku cikin huɗu.

A lokacin ne wani ɗan'uwan Kawu da ke karatu a Kamba ya zo hutu da littafinsa na shirin WAEC, da Ingilishi. Muka baje shi kusa da namu. Zanen iri ɗaya, ƙa'idar iri ɗaya, amma namu ya ce ta Descartes ce, nasa ya ce ta Snell ce. Mu muna rubuta U = RI, shi V = IR. Mu waƙafi muke sawa a tsakiyar lamba, shi ɗigo. Aka kusa dambe kan wanda aka koya wa daidai. Bayan shekaru na karanta cewa wani masani a Bagadaza, Ibn Sahl, ya riga su duka bayyana dokar lanƙwasar haske tun wajen shekarar 984, kuma Ibn al-Haisam ya rubuta babban littafinsa kan gani da haske a Alƙahira ƙarni shida kafin Descartes. Da mun san haka a daren nan, da Kawu ya fi kowa jin daɗi, don a ganinsa duk ilimin lakwal kayan Nasara ne. Littafin Kamba dai ya yi mana rana. Tambayoyinsa gajeru ne masu yawa, namu dogaye ne kaɗan, sai muka riƙa wasa hannu da nasa kafin mu tunkari namu, ɗan Kamba yana fassarawa da Hausa.

Kada in mai da zauren aljanna. Akwai mai zuwa don kwafar amsa kawai, ya zauna bakin ƙofa, da an ja layi biyu ƙarƙashin sakamako ya rubuta ya sulale. Akwai wanda ya samo tsoffin takardun jarrabawa daga wani ɗan'uwansa a Kandi ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma, sai da aka gano aka yi masa sati ba a kula shi. Kuma akwai masu ganin taimakon juna bai kamata ya tsaya a ƙofar ɗakin jarrabawa ba. A kan wannan mun sha faɗa, don wanda kuka ci tuwo kwano ɗaya da shi ya yi maka "psst" daga baya, ƙin juyawa ba ƙaramin abu ba ne. Dokar da ta fi tasiri ba ta wa'azi ba ce. An ce duk wanda aka warware wa tambaya, shi zai tashi ya warware ta biyu mai kama da ita, kowa na kallo. Masu kwafa da kansu suka daina zuwa.

Shekarar 2010 ruwa ya ci ƙasar. Ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na Benin ambaliya ta shafa, Malanbil da Karimama suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gonakin shinkafa suka nutse, gidajen ƙasa suka zube, mutane suka koma kwana a azuzuwa. Da yawa cikinmu mun tafi hutu ƙauye da kayayyakin karatunmu, kuma kaye ba ya jure ruwa. Ga shekarar bak, wadda ke buƙatar darussan baya. Abin da aka yi shi ne aka tattaro duk kayen da ya tsira, na wannan babin lantarki ya rage, na wancan babin motsi, aka raba wa kowa shafukan da zai kwafa sau uku ko huɗu. Kayen fizik ɗin da na shiga bak da shi rubutun hannu biyar ne a ciki. Ina iya gane na Yaya daga nesa, manya-manyan haruffa masu jingina, da zanen kibiyoyi da ya fi na kowa kyau.

Mushe yakan ba mu labarin cibiyar lissafi da fizik ta IMSP da ke kudu, wadda Farfesa Jean-Pierre Ezin ya kafa a 1988, inda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka yin digiri mai zurfi. Mukan saurara kamar ana ba mu labarin Makka. Babu wanda ya kai can a cikinmu. 'Yar mai rediyo ta ci bak, yanzu ita ke koyar da PCT, kuma an ce har yau tana tambayar yara ko albasa suke nufi. Ni na tafi jami'ar Paraku na karanta abin da ba shi da alaƙa da fizik. Yaya bai ci ba. Makinsa na PCT ya wuce na yawancinmu, Faransanci da falsafa suka ja shi ƙasa, kuma shekarunsa da halin gida ba su bar shi ya maimaita ba. Wannan abu yana ci mini rai har gobe. Tsarin da zai auna yaro irin wannan ya ce bai isa ba, ma'auninsa ne ke da gyara.

Yaya ya koma ruwa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, aka toshe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, mutane da kaya suka koma tsallakawa ta jirgi. Ya sayi inji, ya ƙara jirgi na biyu. Da na je gida na same shi a mashigi yana faɗa da wani yaronsa da ya jibge buhuna a gefe ɗaya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton wata tambaya da aka ba ɗansa a aji uku: famfon ban-ruwa yana ɗaga lita 600 a minti zuwa tsayin mita 5, a nemo ƙarfinsa. Na ce ai mai sauƙi ce, kilo 10 a sakan, sau 10, sau 5, wat 500.

"Haka na gaya masa ya rubuta," in ji shi. "Amma kai ma ka san ƙarya ce. Je ka fadama ka nemo mini famfon wat 500 da zai yi wannan aikin. Ina asarar tiyo? Ina zafin inji?"

Na ce, "Yaya, famfon littafi ne."

Ya ce yaron da abokansa suna taruwa a gidansa ranar Laraba, in zo in faɗa musu haka da bakina, don shi ya gaji da ba su amsa biyu-biyu. Sai fasinja suka cika, ya ja igiyar inji, ya karkata hanci sama.